Shuka iri, nunan fari da ajiye magani: wannan koyarwar daga Littafi Mai Tsarki take?

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa ƙaninta ya bar majami'arsu ya koma wata sabuwa. A can aka ce su kawo albashin Janairu ɗungurungum a matsayin nunan fari, ya kuwa kai, ga kuɗin haya yana jiransa. Yanzu kuma ya matsa wa mahaifiyarsu, mai fama da hawan jini, ta ajiye magani ta riƙa furta cewa ta warke. Faston tsohuwar majami'arsu ya ce koyarwar ƙarya ce. Ƙanin ya ce kishi ne kawai, ya ja musu kunne da ayar nan ta kada a taɓa shafaffen Allah. Tana so ta san wa ke da gaskiya, daga ina koyarwar ta fito, da kuma yadda za ta yi da ƙanin nata.

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Zan fara da Mama, domin nata ne ba ya jira. Kada ta ajiye maganin nan ko na kwana ɗaya. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yakan tashi garau, ya je kasuwa ya dawo, alhali jinin ya hau, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. In akwai mai bangaskiya cewa Ubangiji ya taɓa ta, to a kai ta a auna, likita ya duba, shi zai ce a rage ko a daina. Kutare goman da Yesu ya warkar ma ai cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci (Luka 17:14), su ne kuwa masu dubawa su tabbatar a wancan zamani. Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, sai da ya ce a ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa (1 Timoti 5:23). Waɗanda suka kawo mana bishara sun yi addu'a sun kuma gina asibiti: na Vom a 1922, na kutare a Garkida, na Galmi a Nijar a 1950. Ba wanda ya taɓa ce musu marasa bangaskiya saboda sun ba da ƙwaya.

Abin da ƙaninki ya shiga ana kiransa bisharar wadata. A taƙaice tana cewa kowane mai bi yana da haƙƙin arziki da lafiya a wannan duniya, kuma hanyar karɓarsu biyu ce: ka furta da bakinka ba tare da shakka ba, ka kuma ba da kuɗi a matsayin iri. Masu bin tarihinta sukan fara da wani mai wa'azi Ba'amurke, E. W. Kenyon, wanda ya rasu a 1948. Shi ya kafa tunanin cewa abin da mai bi ya furta shi zai mallaka. Masana suna gardama kan inda ya samo shi, wasu suna cewa daga wata falsafa ce da ta yi tashe a Amurka a ƙarni na 19, mai cewa ciwo daga tunani yake fitowa kuma tunani ke kore shi, wasu suna cewa daga masu wa'azin warkarwa na zamaninsa ne. Abin da kowa ya yarda da shi, Kenneth Hagin ne ya ɗauki koyarwar ya yaɗa ta, ya buɗe makarantarsa ta Rhema a yankin Tulsa ta jihar Oklahoma a 1974. A Tulsa ɗin dai wani mai wa'azi, Oral Roberts, ya zauna, shi kuma ya shahara da batun irin bangaskiya, ka shuka kuɗi ka jira girbi. Talabijin ya kai su ko'ina.

A Najeriya, sunan da aka fi haɗawa da shigowarta shi ne Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya je karatu Dallas a 1971 ya rasu a 1998. An san shi da cewa Allahnsa ba matalauci ba ne. Amma ba wa'azin mutum ɗaya ne ya ba ta ƙarfi ba, wahala ce. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta yi ta faɗuwa, masu digiri suka cika titi, daga baya masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje suka yi ta rufewa. Wanda gwamnati ta yashe shi, asibiti ya fi ƙarfinsa, in aka ce masa ga ƙofa, zai shiga. Saboda haka ba na ganin ƙaninki wawa ne, ke ma kada ki gan shi haka. Matashi ne mai son ya ga ya tallafi gidansu, aka nuna masa ayoyi, ya gaskata.

To mu duba ayoyin, don a nan maganar take.

Wadda masu wannan koyarwar suka fi so ita ce 3 Yahaya aya 2, inda manzon yake yi wa Gayus fatan zaman lafiya da ƙoshin jiki kamar yadda ransa yake lafiya. Oral Roberts ya sha faɗa cewa wannan ayar ce ta juya rayuwarsa. Amma gaisuwar buɗe wasiƙa ce, irin wadda mutanen wancan zamani, masu bi da marasa bi, suke rubuta wa juna. Kamar dai yadda muke rubuta "bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya". Ba wanda zai riƙe wannan ya ce an yi masa alkawarin ba zai ƙara ciwo ba. Gordon Fee, masanin Sabon Alkawari kuma ɗan Fentikostal tun daga gida, ya bayyana wannan tun 1979.

Sai Markus 10:29-30, ayar riɓi ɗari. Gloria Copeland, ɗaya daga cikin masu wannan wa'azin a Amurka, ta taɓa yin lissafinta a rubuce a 1978, cewa wanda ya ba da dala 10 zai karɓi 1,000. Ki buɗe ki karanta ayar har ƙarshenta. Yesu yana magana ne a kan wanda ya bar gida, 'yan'uwa, uwa, uba, 'ya'ya ko gonaki saboda shi da bishara. Ba a ambaci ambulan ɗin kuɗi ba. Riɓin da ya lissafa ya haɗa da uwaye ɗari da 'yan'uwa ɗari, wato iyalin Allah da suke karɓar wanda nasa suka kora. Duk wanda ya taɓa ganin sabon tuba da danginsa suka juya masa baya, wata tsohuwa a ikkilisiya ta shimfiɗa masa tabarma a zaurenta tana kiransa ɗana, ya ga cikar ayar nan da idonsa. Kuma a cikin jerin riɓin akwai abin da ba a karantawa a taron shuka iri: tare da tsanani. Ki kuma yi lissafin da kanki. In naira 10,000 tana haifar miliyan ɗaya tabbas, miliyan ɗin ta haifi miliyan 100, da mai wa'azin ba ya buƙatar karɓa a hannun kowa, shi ne zai riƙa neman wanda zai ba.

Luka 6:38, ku bayar za a ba ku da mudu a cike, tana biye ne da kada ku hukunta, kada ku kayar, ku yafe. Jinƙai ne ake aunawa da mudun. Maganar shuka da girbi kuwa ta 2 Korantiyawa 9:6 gaskiya kan kuɗi take, sai dai a duba ina kuɗin yake zuwa. Gudummawa ce Bulus yake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Ba ta shiga aljihunsa ba. Ya ma sa ikkilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, ya ce don kada wani ya sami abin zargi a kansu (8:19-21). Ya ce ba nufinsa ba ne a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata wa wasu, sai dai a daidaita (8:13-14), ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, yadda ya yi niyya, ba da tilas ba. A nassin kuɗi yana sauka ne daga mai ɗan hali zuwa mai yunwa. A taron shuka iri kuwa yana hawa ne daga mai sayar da ƙosai zuwa wanda ya fi kowa a ɗakin. An riƙe kalmomin Bulus, an juya hanyar kuɗin.

Batun nunan fari zan ɗan tsaya a kansa, tun da shi ya cinye albashin. A Tsohon Alkawari damin fari ne na amfanin gona, ko kwandon 'ya'yan fari da Ba'isra'ile yake kaiwa gaban firist yana tuna yadda Allah ya fito da su daga Masar (Littafin Firistoci 23:10, Maimaitawar Shari'a 26). Ɗan kaɗan ne daga farkon girbi, ba a ce a kwashe rumbu ba, kuma godiya ce saboda abin da Allah ya riga ya yi, ba kafin alƙalami na abin da ake so ya yi ba. A Sabon Alkawari, inda aka ambaci nunan fari, Almasihu ne da ya tashi daga matattu (1 Korantiyawa 15:20), ko Ruhu Mai Tsarki da aka ba mu (Romawa 8:23), ko waɗanda suka fara tuba a wani yanki (Romawa 16:5). Babu inda manzo ya umarci ikkilisiya ta karɓi albashin wata guda. In mutum ya ga dama ya bayar don kansa, yana da halin yi, tsakaninsa da Allah ne. Amma a mai da shi doka, a ce wanda bai kawo ba shekararsa ta lalace, wannan ɗora wa mutane kaya ne da Allah bai ɗora ba.

Akwai kuma wurin da Yesu ya yi magana kai tsaye a kan irin halin gidanku. A Markus 7:9-13 ya tsawata wa Farisiyawa domin sun koya wa mutane cewa in ɗa ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya keɓe wa Allah, to ya fita daga haƙƙinsu. Yesu bai yaba wannan a matsayin sadaukarwa ba. Ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. Bulus kuma ya ce wanda bai kula da nasa ba, tun ba mutanen gidansa ba, ya musunci bangaskiya, ya fi marar bi muni (1 Timoti 5:8). Albashin da ya kamata a biya haya da shi a sayi maganin Mama, aka kai shi gaban bagade aka bar ta da furci, shi ne ainihin abin da Ubangiji ya hana. Ni a ganina wannan nassin kaɗai ya isa ya raba gardamar.

Zakka kuwa, Kiristoci na gari sun bambanta a kanta. Da yawa cikin ikkilisiyoyinmu suna koyar da ɗaya bisa goma, ba ni da faɗa da su. Faɗana da mai riƙe Malakai 3 yana tsorata mutane da la'ana, alhali Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Yakan kuma manta cewa zakkar kowace shekara ta uku, a Maimaitawar Shari'a 14:28-29, ta Lawiyawa ce da baƙi da marayu da gwauraye, su zo su ci su ƙoshi.

Abin da ya fi ci mini rai a koyarwar nan shi ne abin da take yi wa mutum ranar da ba ta ci ba. Tun da an ce dokar ba ta kuskure, in girbi bai zo ba laifin na mai shuka ne: ko bangaskiyarsa ta gaza, ko irin ya yi kaɗan, ko yana ɓoye zunubi, ko ya furta mugun abu. Na zauna da wata uwa a barandar asibiti, ɗanta ya rasu da safen, hankicin da ta saya a wurin addu'ar dare yana ɗaure a hannunta. Ba ta tambaye ni me ya sa Allah ya ɗauke shi ba. Tambayarta ita ce ko don ta ce wa maƙwabciyarta "yaron nan ba ya samun sauƙi" ne ya mutu. An ɗora mata kisan ɗanta a kan rashinsa. Wannan ita ce tauhidin abokan Ayuba, waɗanda suka nace cewa wahala shaidar laifi ce, Allah kuwa ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba (Ayuba 42:7). Almajirai sun yi irin wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho, Yesu ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba (Yahaya 9:3). Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). In furci ne yake warkarwa tabbas, me ya hana manzon ya koya wa abokin tafiyarsa?

A 1980 majalisar Assemblies of God ta Amurka, wadda ba wanda zai ce ba ta gaskata da warkarwa ba, ta fitar da matsayinta a kan koyarwar furci. A ciki ta kawo wani ma'auni da nake ganin ya fi amfani a wurinmu fiye da can: koyarwa ta gaskiya dole ta yi aiki ko'ina, har a tsakanin 'yan gudun hijira da masu bi da aka ɗaure saboda bangaskiyarsu. Mu ba sai mun je nesa ba. Ki ɗauki wa'azin nan ki kai sansanin waɗanda aka kora daga Gwoza ko Madagali. Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN), shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika a lokacin, da 'yan Boko Haram suka sace a Janairun 2020, ya yi magana a bidiyon da suka ɗauka ya ce bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, a cikin watan kuma suka kashe shi. Bisa lissafin bisharar wadata, shi ne wanda bangaskiyarsa ta gaza. Ibraniyawa 11 kuwa ta sa waɗanda suka rufe bakin zaki da waɗanda aka kashe da takobi a layi ɗaya, ta ce dukansu an yi musu shaida saboda bangaskiya, ta ce duniya ba ta cancance su ba.

Kin tambaya wa ke da gaskiya. Fastonku yana da gaskiya a kan koyarwar, sai dai a yi hattara wajen yanke wa mutane hukunci. Akwai mai wa'azin da ya yi kuskuren fassara aya alhali yana riƙe da Almasihu da gicciyensa. Wannan gyara yake buƙata, kamar yadda Bilkisu da Akila suka ja Afolos gefe suka ƙara masa haske. Akwai kuma inda abin ya zama bidi'a sosai. Wasu manyan malaman wannan layin sun koyar cewa mutuwar Yesu a gicciye ba ta isa ba, sai da ya ɗauki halin Shaiɗan ya sha azaba a lahira aka sake haihuwarsa a can, alhali shi da bakinsa ya ce an gama tun yana kan gicciye. Wasu sun ce masu bi ƙananan alloli ne, maganarsu tana halitta kamar ta Allah. Wasu sun mai da bangaskiya wani ƙarfi da ko Allah ma da shi yake aiki, har suka hana a ce "in nufinka ne" a addu'a, abin da Yesu ya faɗa a Getsamani. Wanda ya kai nan ya taɓa tushe, shi ne irin wanda Galatiyawa 1:8 take magana a kansa. Sayar da addu'a, da mai, da ruwa kuwa hukuncinsa yana Ayyukan Manzanni 8:20, inda Bitrus ya ce wa Siman kuɗinsa su hallaka tare da shi don ya zaci baiwar Allah abin saye ce. Ba kuma kowace majami'ar Fentikostal ce take wannan ba. Da yawa cikinsu suna wa'azin tuba da tsarki, suna yi wa marasa lafiya addu'a ba tare da karɓar ko sisi ba.

Zargin kishi ba zai tsaya ba in aka duba su wane ne suka yi gargaɗin. Jim Bakker, da ya yi tashe da wannan wa'azin a talabijin, an ɗaure shi a 1989 kan zamba, a kurkuku ya karanta maganganun Yesu a kan kuɗi, ya fito ya ce abin da ya koyar kuskure ne. Hagin kansa ya rubuta a 2000 yana tsawata wa almajiransa kan yadda suke alkawarin riɓi ɗari don tara kuɗi. Benny Hinn, wani shahararren mai wa'azin wadata, ya faɗa a gaban jama'a a 2019 cewa sa wa bishara farashi ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai ne. A nahiyarmu, masana tauhidi na Afirka ƙarƙashin Lausanne, wata ƙungiyar masu bishara ta duniya, sun zauna a Akropong ta Gana a 2008 da 2009. Sun amince Allah yana mu'ujiza har yau, sun amince talauci ba abin so ba ne, sun kuma yarda cewa koyarwar tana bunƙasa ne inda 'yan siyasa suka ci amanar talaka. Duk da haka suka ce ƙarya ce mai karkatar da Littafi Mai Tsarki, babban taron ƙungiyar a Cape Town a 2010 ya sake jaddada haka. Conrad Mbewe, faston Baptist a Lusaka, ya daɗe yana cewa "mutumin Allah" na yau ya zauna ne a kujerar boka: shi kaɗai ke gani, shi ke faɗa maka wanda ya tare maka hanya, shi ake biya. Gargaɗin ma ba na yau ba ne. Wani rubutun ikkilisiyar farko da ake kira Didache, na wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya, ya ce manzon da ya sauka a gari ya tafi da gurasar hanya kawai, in ya roƙi kuɗi annabin ƙarya ne. Rikicin da Martin Luther ya tayar a 1517 ma a kan sayar da takardun gafara ya fara.

Ayar shafaffe tana Zabura 105:15. Ki karanta daga aya 8. Ana ba da labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Kariya ce ga marasa ƙarfi daga masu iko, yanzu an mai da ita kariyar mai iko daga tambayar talaka. Dawuda ya ƙi ɗaga wa Saul hannu don shafaffe ne, amma ya tsaya a bakin kogo ya faɗa masa laifinsa a gaban mutanensa (1 Sama'ila 24). Bulus ya tsawata wa Bitrus a fili a Antakiya. An yabi mutanen Biriya domin kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake (Ayyukan Manzanni 17:11). A 1 Yahaya 2:20 kuma dukan masu bi ne aka shafe. Inda aka hana tambaya abin yakan kai inda ba a zata ba: a dajin Shakahola na Kenya, a 2023, an tono gawar mutum fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, wanda ya ce su yi azumi har su sadu da Yesu.

Zan faɗi wata magana da fastonku ba lalle ya so ji ba. Mu ma tsofaffin ikkilisiyoyi abin ya shigo mana ta taga. A ranar godiyar kaka ko tara kuɗin gini sai ka ji ana kiran suna da adadi, ana tafa wa mai dubu ɗari, gwauruwar da ta kawo mudun gero ta wuce ba wanda ya ɗaga kai. Muna ba mai kuɗi kujerar dattijo ba tare da tambayar inda ya samo ba. Matashi ya yi shekaru ba aiki, ba wanda ya taka ya je gidansu, sai ranar da ya koma wata majami'a a tuna da shi. Ya kamata dattawa su riƙa karanta lissafin baiko a fili, a raya asusun taimakon gajiyayyu, masu sana'a su ɗauki yara koyon aiki. Littafi Mai Tsarki bai ce talauci tsarki ne ba. Ya ce Allah ne ke ba da ƙarfin samun dukiya (Maimaitawar Shari'a 8:18), ya yabi aiki da tanadi, ya ce mai wa'azin bishara ya ci daga bishara (1 Korantiyawa 9:14). In ba mu koyar da wannan da kyau ba, wani zai koyar da shi a karkace.

Game da ƙaninki, kada ki fara da zagin fastonsa, zai tashi kare shi ne ya toshe kunne. Kada kuma a tara masa dangi a ranar ɗaya. Ki neme shi ku biyu, ki ce ya kawo ayoyin da aka ba shi, ku karanta kowace ɗaya da sura gaba ɗayanta, shi ya riƙa karantawa da bakinsa. Ku fara da Markus 7 da 2 Korantiyawa 8 da 9. Ki tambaye shi tambayoyin da zai tafi da su: wa ke duba kuɗin majami'ar, ana karanta lissafi, wa zai iya tsawata wa shugaban in ya yi kuskure, in ɗan majami'a ya kasa biyan haya me ake yi masa. Batun maganin Mama kuwa ba na sulhu ba ne. Ki gaya masa yana iya yi mata addu'a safe da yamma, ku ma za ku taya shi, amma maganin yana nan, ki kuma sa wani babba da yake jin nauyinsa ya faɗa masa haka. In mai gida ya taso shi kan haya, ku taimaka daidai ƙarfinku ba tare da gori ba, sai dai ku biya mai gidan hannu da hannu, kada ku ba shi kuɗin ya riƙe, don za a iya ce masa ya sake shukawa. Da yawa cikin waɗanda suka fita daga irin waɗannan wurare ba sa komawa kowace majami'a, domin sun ɗauka Allah ne ya ci musu amana. Saboda haka ki roƙi fastonku ya ziyarce shi tun yanzu, ziyarar zumunci, ya tambaye shi aiki da lafiya, ya bar wa'azin zuwa wani zuwan.